Ƙirjin Aro

Shafi na 17

Daga Afiniki ta Layin Reluwe

Jama'ar gidan nan, duk na ga saƙonninku. Masu zagin Hellen ku ɗan sassauta mata, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗanda kuma yau suka faɗo cikinmu, ku matso in kama muku bakin zaren.

Muna Kafanchan ne, daminar 1976. Hellen malamar firamare ce, ta samu gurbin ƙaro karatu a Ingila na shekara biyu. Abu ɗaya ya rage mata, hoton ƙirji da zai nuna lafiyarta ƙalau. Ita kuwa tun tana budurwa ta yi tarin fuka, ta warke, amma ya bar mata tabo a huhu. Tsoron kada tabon ya hana ta tafiya ya sa ta ba ƙanwarta Bernice katinta, ta je ta tsaya gaban injin hoto a madadinta. Kamarsu ɗaya, ba wanda ya lura. Dakta Luke na asibitin ya duba ya ce hoto ya yi kyau, saura sa hannun ƙwararren mai karanta hoto da ke zuwa daga Kaduna ƙarshen wata. Yau Hellen ta zo karɓa.

*

Tana tura ƙofar ɗakin duba hotuna ta tsaya cak.

Ba baƙon likitan da ya saba zuwa ba ne a kujerar. Kawunta ne, Dakta Obadiah Kumai, wan mahaifiyarta, mutumin da in ya shigo taron dangi kowa sai ya gyara zama. Ya jingina da baya, ido a rufe, hannuwa a kan ciki kamar mai jiran fasto ya gama doguwar addu'a.

"Ko wane ne, rufe ƙofar nan. Kana zubo min rana a ido."

Ta rufe. Labulaye a sake suke, ɗakin duhu-duhu. Ba wani haske sai na akwatin nan mai farin gilashi da ke jikin bango, inda ake saƙala hoto a duba.

"Kawu, ina wuni."

Ya buɗe ido ɗaya.

"A'a. Malama Hellen da kanta."

"Ban san kai za ka zo ba, Kawu."

"Ni ma ban sani ba. Abokin aikina ya tafi hutu, aka ce tsoho ya hau jirgin ƙasa." Ya sake rufe idon. "Uwarki ta ce min za ki ƙasar Turawa. Ke ba ki ga dama kin gaya min da bakinki ba."

"Ina shirin zuwa ne."

"Shirin zuwa. To, zauna."

Ta ɗosana a bakin benci. A waje, gindin mangwaro, ta bar Bernice goye da Emilia, 'yar Hellen da ko shekara ba ta cika ba. Tun da aka fara yaye saboda tafiyar nan, a ɗakin Bernice yarinyar take kwana.

"Kawu, ba ka jin daɗi ne?"

"Lafiyata lau. Idon da ya fito daga rana makaho ne a ɗakin nan, sai an bar shi ya huce tukuna."

Can ya miƙe, ya ɗauki babbar ambulan mai sunanta, ya zaro hoton. Katin da ke ciki kuwa ko kallo bai ishe shi ba, ya kife shi a kan tebur.

"Ba za ka karanta ba? Dakta Luke ya riga ya rubuta cewa…"

"Na san ya rubuta, shi ya sa na kife. In na karanta an ce lafiya lau, tafiya za ta yi, idona zai fita neman lafiya, kuma zai samo ta. Ido yana da kunya, Hellen. Abin da aka gaya masa shi yake gani."

Ya saƙala hoton a jikin hasken. Maimakon ya matsa kusa, sai ya ja da baya, ya ja, har bayansa ya taɓa ƙofa. Ya tsaya nan ya yi wa hoton kallo ɗaya.

"Hmm."

Ni dai jama'a, in likita zai yi min irin wannan "hmm" ɗin, gara ya ɗaga hannu ya mare ni in san inda na dosa.

"Me ka gani, Kawu?"

"Ban gani ba tukuna. Na dai ji."

"Ji kuma?"

"Kin taɓa lura da uwarki in tana rairaye acca? Tana hira, ba ta ma kallon ƙwaryar, sai kawai hannunta ya tsaya. Tsakuwa ce. Ki tambaye ta yadda ta sani, ba za ta iya gaya miki ba. Ni ma shekara da shekaru ina kallon ƙirjin mutane, idona ya haddace yadda mai lafiya yake. In wani abu ya kauce, cikina ne ke fara sani, kai sai daga baya ya biyo da dalili." Ya taɓe baki. "Wani lokacin kuma cikin nawa ƙarya yake yi. Shi ya sa ba na sa hannu da ciki."

Ya nufi katakon da ke cike da tsofaffin ambulan, ya miƙa hannu can sama.

"Me kake nema?"

"Tsohon hotonki. Ba na sa hannu a sabo sai na jera shi da tsoho."

Ta yi saurin tarar numfashinsa.

"Ai an ce ruwa ya lalata tsofaffin, lokacin da rufin ya yi yoyo."

"Na ƙasa ne suka jiƙe. Naki ni na ajiye shi da hannuna, tun zamanin da ni nake zuwa nan."

Ya hure ƙurar, ya zaro, ya saƙala shi kusa da sabon. Ƙirji biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a cikin haske. Daga tasha aka ji jirgin kaya yana kuka, ya yi ya gama, Kawu na tsaye gaban gilashin. Idonsa kawai ke kai da kawowa, tsoho, sabo, tsoho, sabo.

"Taso."

Ta taso.

"Kin ga farin ɗigon nan a tsohon, can sama ta dama? Tabonki ke nan. Fari fat, gefensa da kaifi kamar tsakuwa. Ciwo ne da ya mutu aka binne shi. Yanzu dubi sabon. Ina ya shiga?"

"Ƙila ya warke ne, Kawu. An sha addu'a a kai."

"An sha kam, ni ma na yi tawa. Ubangiji kuwa ya amsa, shi ya sa kike tsaye a gabana. Amma irin wannan tabon da shi ake shiga kabari."

Ta kawar da ido daga hoton.

"To mu bar shi a al'ajibi. Ga wani." Ya ɗora bakin biro a kan tsohon. "Haƙarƙarinki na huɗu, nan dama. Kin ga ya rabu biyu daga gaba kamar gwafa? Da shi aka haife ki. A sabon kuwa ga shi a miƙe sambal. Addu'ar har shi ta gyara?"

Hellen ta sunkuyar da kai.

"Ga kuma bakin ƙashin nan na ƙasan wuya. Na mai wannan ƙirjin bai gama haɗewa ba. Yarinya ce, in ta wuce ashirin da kaɗan ne. Ke kuwa ni na riƙe ki ranar da aka raɗa miki suna, na san shekarunki."

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne abin tsoron. Kawu Obadiah in ransa ya ɓaci muryarsa ƙasa take yi.

"Fuskar mutum ina mantawa, har a majami'a an sha gaishe ni in rasa ko wane ne. Ƙirji ba na mantawa. Wannan ba naki ba ne."

"Kawu, ka yi haƙuri."

"Kin san abin da ya fi ci min rai? Da naki kika kawo, da yanzu kina hanyar gida da sa hannuna. Tabo ba ciwo ba ne. Layi ɗaya zan rubuta, tsohon tabo, ya warke, ba haɗari."

Ta ɗago da sauri.

"Amma bara an hana wata ƙawata tafiya, aka ce saboda tabo ne."

"Kin ga hotonta da idonki, ko labari kika ji?"

"Labari na ji."

"Labari. Kina da kawu mai wannan aikin, kika tsallake shi kika bi labari."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta taɓa jin wauta ta rufe ta irin ta ranar ba. Duk rashin barcin nan, duk lallashin da ta yi wa Bernice, ashe a kan abin da bai kai ya kawo ba.

"To a sake ɗauka. Yanzu in cire riga in tsaya."

"Da wane fim? Ya ƙare tun makon jiya, sai an kawo daga Kaduna. Takardunki kuwa jirgin yamma za su bi." Ya juyo ya dube ta. "Ƙirjin wa ne?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya ba."

"Ɗaliba ce, Kawu. Tana shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai. In maganar ta fita korarta za a yi. Ni na sa ta, ta ƙi, na yi ta mata kuka har ta yarda. Na yi mata alkawari ko me ya faru sunanta ba zai fito daga bakina ba. Ni a hana ni tafiyar, na haƙura. Ita dai a bar ta."

"Kin haƙura." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Wuce ki tafi. Ba zan sa hannu a ƙirjin aro ba."

Ya fizge sabon hoton daga jikin hasken, ya fara tura shi cikin ambulan. Ya kai rabi sai hannunsa ya tsaya.

Hellen har ta kama marfin ƙofa. Ta waiwayo ta gan shi tsaye ƙiƙam, yana kallon bango.

"Dakata," in ji shi.

"Kawu?"

"Saura kaɗan in yi abin da nake hana yaran da nake koyarwa." Da kansa yake magana, ba da ita ba. "Cikina ya ce akwai abu. Na samo abu, na ce shi ke nan. Amma da na tsaya a bakin ƙofar can, hagu idona ya tafi. Tabonki a dama yake. Gwafar ma a dama take. To me ya kai idona hagu?"

Ya zaro hoton ya mayar da shi jikin hasken. Tsohon kuma ya cire shi gaba ɗaya ya ajiye gefe.

"Mai neman akuyarsa da ta ɓata, da ya gan ta sai ya kora ta gida, ba ya tsayawa ƙirga sauran. Haka ido yake. Da ya samu abu ɗaya sai ya ƙoshi. Ga fushi kuma na ƙara masa a kai." Ya jawo kujera ya zauna dab da gilashin. "Koma ki zauna. Zan fara daga farko kamar ban ga komai ba."

Ta koma benci. Tun tana yarinya take jin ana cewa Kawu yana karanta hoto, sai ranar ta ga yadda ake karatun. Bai fara da huhun ba ma. Ta gefe ya bi, kamar mai zagaya iyakar gona kafin ya shiga. Kafaɗa, wuya, naman gefen ƙirji. Sannan haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, bakin biro na bin kowanne tun daga baya har gaba. Leɓensa na motsi a hankali.

"Ƙasan huhu, lafiya. Bayan zuciya…" Ya karkata kai, ya daɗe a nan. "Lafiya. Nan ɓarayi suke son ɓuya, yau dai ba kowa."

Ya hau sama. Ya sa tafin hannu biyu ya rufe duk hoton, ya bar ƙwanƙolin huhun kawai, dama da hagu. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sai ya ɗauki wata tsohuwar ambulan ya naɗe ta kamar bututu, ya kafa a ido, ya leƙa sama ta hagu.

Ya daɗe yana leƙe. Da ya sauke bututun, fushin nan duk ya bar fuskarsa. Hellen ta gwammace da fushin ne ya zauna.

"Zo ki gani."

Ta karɓi bututun ta leƙa inda ya nuna.

"Ƙashi nake gani, Kawu. Biyu, sun gitta juna."

"Haka ne. Na ƙasan wuya da haƙarƙari na farko. Yanzu dubi daidai wurin a dama."

"Nan ma sun gitta."

"Wanne ya fi fari?"

Ta koma hagu, ta dawo dama, ta sake komawa.

"Na hagu."

"Ƙashi iri ɗaya, mutum ɗaya, me zai sa wani ya fi wani fari? Sai in akwai abin da ya laɓe a bayansa. Kada ki kalli ƙashin. Kalli abin da ya ɗan leƙo ta ƙasansa."

Da farko ba ta ga komai ba. Can sai abin ya fito mata, wata inuwa mai laushi, gefenta kamar audugar da aka ja da yatsa. A tsakiyarta wani ɗan zobe, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Da ta gan shi kuma sai ta kasa daina ganinsa. Ta sauke bututun, daga inda take tsaye ma yana nan ɓaro-ɓaro, har ta rasa yadda aka yi ɗazu bai nan.

"Mene ne wannan?"

"Abin da kika yi ne. Tarin fuka. Naki matacce ne, wannan yana da rai. Zoben nan rami ne, inda ciwon ya riga ya ci."

"Amma Dakta Luke ya ce ba komai."

"Luke likita ne mai kyau, kada ki ɗora masa. An aiko masa mace mai lafiya da za ta yi tafiya, ga layin marasa lafiya na jiransa a waje. Ya ga ƙashi biyu sun gitta, ya ce ƙashi ne. Da katin na fara karantawa, ni ma zan iya wucewa. Ai a gabanki na kusa mayar da shi ambulan."

"Ka tabbata, Kawu?"

"Hoto inuwa ce kawai, cikakken tabbaci sai an duba kakinta. Amma ki ji abin da zan gaya miki. Mai irin wannan ramin, duk tarin da ta yi tana watsa shi ne. Da 'yata ce, yau ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ƙaramin yaro ba."

Hellen ta nemi benci da hannu ta zauna.

"Ana warkewa?"

"Ke ba ga ki ba? Allura da ƙwayoyi, shekara da rabi, in an fara da wuri. In kuwa aka bar ramin ya yi faɗi har wata daminar…" Bai ƙarasa ba. Ya cire tabarau ya murza ido. "Tana tari?"

Hellen ta ƙura wa hoton ido.

"Ƙaramin tari, busasshe, an fi jinsa da asuba. Tana jiƙa matashi da zufa. Sikat ɗinta ya fara yi mata yawa."

Kowace kalma sai da ta samu wurin zama. Tarin nan Hellen ta sha jinsa ta bango tun farkon damina. Bernice ta ce ƙurar alli ce, tun da suka fara koyon koyarwa a aji, ita kuma ta dafa mata citta da zuma ta manta da zancen. Matashin da ake shanyawa kullum a kan igiya ta gan shi. Sikat ɗin ma ita da kanta ta rage mata a keken ɗinki, tana tsokanarta wai ko wani saurayi ne ya hana ta cin abinci.

Kai, duniya. A duk Kafanchan in akwai wadda ta san muryar wannan tarin, Hellen ce, ta kwana da shi ta tashi da shi. Amma wata da watanni kunnenta na kan nata ƙirjin, tana sauraron tabon da ya mutu tuntuni. Ranar da ta zauna tana tunanin wa za ta tura, ba ta ma yi dogon nazari ba. Bernice mana, yarinyar da ko zazzaɓi ba ta cika yi ba.

"Kawu." Ta ɗago ta dube shi. "Ai ka san ko wace ce."

"Ina zato. Zato daban, gani daban. Hoto bai nuna min suna ba, sunan da ke jikinsa naki ne."

"To me za ka yi?"

"Abin da na saba. Zan rubuta abin da na gani, ba ragi ba ƙari. Sunan da zai hau kai ne ya rage gare ki." Ya mayar da tabarau. "In kin ce naki ne, ke za a kira wa allura, mai shi ta ci gaba da yawo da abinta. In kin faɗi sunanta, yau ɗin nan zan sa a fara mata magani, don ba fim, wannan hoton ne kaɗai shaidar da muke da ita. Amma babban likitan asibitin zai tambaye ni yadda ƙirjinta ya shiga katinki. Ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba."

"Makarantarsu za ta ji."

"Tana iya ji. Zan je in roƙa da bakina, furfurata ta ɗan yi amfani. Amma ban yi miki alkawari ba."

"Ba za ta yafe min ba."

"Ƙila." Ya dubi hoton. "Ban ce kin yi daidai ba, kada ki fita ki ce na ce. Amma da ba ki yi wannan wautar ba, ba wanda zai ɗauki hoton yarinyar nan sai ranar da ta tofar da jini. Ni kaina ban san inda zan ajiye wannan lissafin ba."

Ya jawo farar takarda, ya buɗe biro, ya riƙe shi a sama bai rubuta ba.

"Ina jinki."

Hellen ta buɗe baki ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin a amsa an turo, rana ta kwararo cikin ɗakin.

Bernice ce, da fara'arta kamar kullum, ɗankwali ya zame baya. Emilia na barci a goye, ta kwantar da kumatunta a bayan kafaɗar Bernice ta hagu, bakinta a ɗan buɗe.

"Yaya, hadari ya taso fa, kin daɗe… Lah, Kawu ne?" Ta rusuna har ƙasa. "Kawu, sannu da zuwa. Yaushe a gari?"

"Yauwa, Bernice. Kin girma."

Ta miƙe, idonta ya sauka a kan hoton da ke cikin haske. Ta gane shi. Ta saci kallon yayarta, ta ɗan danne dariya irin ta waɗanda suka haɗa baki. Sai ta kawar da kai, ta kai bakin zane ga bakinta, ta yi tari. Ƙarami, busasshe, sau biyu.

Kawu ya ci gaba da riƙe bironsa a saman takardar. Bai ma kalli Hellen ba.

"Yaya, an sa hannu?"

Hellen ta tashi. Ta zagaya bayan ƙanwarta ta kama majanyin ta fara kwancewa. Ƙullin ya ƙi.

"Yaya, lafiya? Bar ta mana, yanzu ta samu barci."

Ƙullin ya saki. Ta zare Emilia daga bayan, ta rungume ta a ƙirji, ta ja da baya taku kaɗan. Bernice ta tsaya da zane a hannu tana kallonta, fara'ar na raguwa.

"Kawu," in ji Hellen, "rubuta. Bernice ce. Ƙirjinta ne."

Zanen ya suɓuce daga hannun Bernice.

"Yaya… kin yi min alkawari."

Hellen ta kasa haɗa ido da ita. Ta tura fuskarta cikin gashin Emilia, kafaɗunta na girgiza.

Kawu Obadiah ya ajiye biro. Ya ɗauki bututun takardar nan, ya jawo wata kujera kusa da tasa, gaban hasken.

"Bernice," ya ce a hankali, "rufe ƙofa ki zo ki zauna. Akwai abin da zan nuna miki."